Kawun da Ya Tafi Makka Ya Tsaya a Yerwa

Asuba ta yi mana a tashar mota, ni da mahaifiyata, muna zaune kan ƙullin kayanmu muna jiran direba ya idar da salla. Ku abokan sana'a da kuka yi ta cigiyata, kuna cewa wane irin tela ne zai rufe shago ɗinkin mutane na rataye, to ga inda na shiga. Maiduguri muka je, wadda mutanen can suka fi kira Yerwa. Ba fatauci ya kai mu ba. Wani mutum muka je nema wanda ya bar gida tun ba a haife ni ba.

Inna tana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ita kuwa tana 'yar ƙarama. Bayan shekaru wasu daga cikin abokan tafiyarsa suka dawo, suka ce a ƙasar Barno suka bar shi ba shi da lafiya. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kakarmu ta rasu tana sa rai, mu kuma muka taso muna jin ana saka shi cikin addu'ar mamata. Sai a bana wani ɗan unguwarmu mai fataucin goro ya dawo daga gabas, ya yi sallama a zaurenmu, ya ce ya gamu da wani tsoho a unguwar Mafoni. Da tsohon ya ji unguwar da ya fito a Kano, sai ya riƙe masa hannun riga yana tambayar wani gida mai durumi a ƙofa, kusa da marina, da wata yarinya da ake ce wa Auta. Gidanmu ke nan. Autar kuwa Inna ce. Mai goron ya ƙara da cewa jikin tsohon ya yi rauni, in da mai zuwa gara ya hanzarta.

Ni ne ɗan Inna na fari, kun kuwa san yadda abin yake. Ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, in tana da magana ƙanwata take aikowa. Amma ran nan da kanta ta tako har bakin zaure, ta tsaya daga ciki ta ce, "Za a kai ni Barno. Zan je in taho da shi gida." Na buɗe baki zan ce a bari damina ta wuce, sai na ji takunta ta koma ciki. Zance ya ƙare.

Motar da muka samu irin babbar nan ce mai bodin katako, rabinta huhunan goro da dilolin yadi, rabinta mutane a kan benci. Na so in kama wa Inna gaban mota, ta ƙi, ta ce ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da direba ba. Sai ga shi cunkoso ya sa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ni, abin da ban tuna ya taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Ta ja mayafi ta kau da kai tana kallon hanya, ni ma na kau da nawa ina kallon wani rago da aka ɗaure a gabana. Kafin mu kai gadar Wudil ni da ragon nan mun san juna sosai.

Farkon damina ne, gero ya fara tasowa, ko'ina ka duba manoma ne a sunkuye. A Birnin Kudu aka tsaya azahar, muka sha fura mai sanyi a gindin wata tsamiya, ga manyan duwatsu can gefe kamar da hannu aka ɗora wani kan wani. Inna ba ta cin abinci a gabana, sai da ta juya baya ta lulluɓa sannan ta sha tata. A cikin mota zance biyu ne ke ta yawo, mulkin kai da ake cewa ya kusa, da jirgin ƙasa da ake cewa za a ja masa hanya har Barno. Wani dattijo mai goro bai sa baki ba ko sau ɗaya. Duk inda aka tsaya shi dai ya kwance huhunsa, ya yayyafa ruwa, ya tsince wanda ya fara lalacewa, ya mayar da ganye ya rufe, kamar mai jego da jaririnta.

A Potiskum muka kwana, a rumfar tasha. Garin shanu ne, nama ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, kuma a nan kunnena ya fara jin harsunan da ban san kansu ba. Da safe muka karya da ƙosai da kunu muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗu, aka saukar da tamfol, muka takure ana ta sheƙa ruwa. Da ya ɗauke muka tarar an gitta ƙarfe a hanya. Wajen babu kwalta, jar ƙasa ce, kuma doka ce in an yi ruwa babbar mota ba ta wucewa sai hanya ta sha iska, don kada a farfasa ta.

Nan hankalina ya tashi. Ina tuna abin da mai goron unguwarmu ya ce, a hanzarta. Na je wajen mai tsaron ƙarfen na roƙe shi, na ce muna da marar lafiya a gaba. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, amma hanya ba ta bushe ba." Na dawo, na koma, na sake dawowa. Sauran fasinjoji kuwa tuni sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, wasu mata daga ƙauyen kusa sun fito da dafaffen ƙwai da gyaɗa, wuri ya zama 'yar kasuwa. Ina cikin kai-komo na ji muryar Inna.

"Zo ka zauna, kana sa wa mutane jiri."

Na zauna a bakin tabarmarta. Ba ta dube ni ba, gabas take kallo, sai ta fara magana kamar da kanta take yi. Ta ce Yaya shi ke ɗora ta a wuya ya kai ta kallon marina. In an ba shi alewa sai ya ɓoye a aljihu har ta narke, don dai ya kawo mata. Ranar da ayari zai tashi ta bi shi a guje har ƙofar gari, ta riƙe masa riga ta ƙi saki, ana ba ta baki ta ƙi. Sai ya tsuguna ya ce mata, "Auta, na manta hulata a ɗaki, yi gudu ki ɗauko mini." Ta sheƙa gida. Kafin ta dawo sun yi nisa, ko ƙurarsu babu.

Sannan ta ce, "Na yi shekara da shekaru ina jira. Wannan na yini ɗaya ba zai gagare ni ba. In Allah ya rubuta zan same shi, zan same shi." Ta ɓare ƙwai ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba. Na karɓa da hannu biyu. Sai bayan la'asar aka ɗaga ƙarfen.

Daga Damaturu ƙasa ta baje, babu tudu babu dutse, sai yashi da ƙaya da garken shanu masu manyan ƙahoni. Mun sake kwana a hanya, muka shiga Yerwa da hantsi. Abin da ya fara ɗaukar idona itatuwa ne. Bayan duk wannan fili da rana, sai ga tituna masu faɗi, darbejiya a jere dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama, mota na tafiya cikin inuwa. Abu na biyu ƙamshi. Matan Barebari suna naɗe da lafaya tun daga kai har ƙafa, in ɗaya ta gifta ka sai ƙamshin turaren wuta ya tsaya a wurin bayan ta yi nisa.

A Mafoni na yi ta faɗin sunan Kawu na yanka, babu wanda ya san shi. Sai wani mahauci da ya ji Hausa sosai ya ce, "Tsoho Bakano, mai ɗan ɗingishi? Ai Baba Afuno kuke nema." Afuno da Barbarci Bahaushe ke nan. Ya ajiye wuƙarsa ya yi mana jagora ta wasu lunguna masu yashi har ƙofar wani gida na jar ƙasa.

A tsakar gida muka same shi, kishingiɗe kan tabarma a inuwa. Dogon tsoho ne, ya rame har ƙasusuwan kafaɗa sun fito, idanunsa sun yi fari-fari, ba ya gani sai dishi-dishi. Inna ta durƙusa daga ɗan nesa ta yi sallama. Ya amsa, ya karkato kunne.

"Wace ce?"

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Yaya, na je na duba. Babu hular."

Tsohon nan ya juyo da fuska wajen muryar. Sannan ya yunƙura ya tashi zaune, ya miƙo hannu yana lalube a iska. Ya ce, "Tana kaina, Auta."

"Na sani. Sai da na isa gida na tuna a kanka na gan ta."

Ta matsa ta kama hannun. Dariya suke ko kuka, ban iya rabewa ba, na dai fita ƙofar gida na tsaya tare da mahaucin, shi ma yana goge ido da gefen rigarsa alhali bai san kan zancen ba.

Kafin azahar gida ya cika. Ashe Kawu yana da iyali: matarsa, wata tsohuwa Babarbariya da ake kira Ya Falmata, da 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, da ɗa namiji kusan sa'ana, dillali a Kasuwar Shanu, da jikoki rututu. Ɗan nasa shi ya zama tafintanmu. Da ya yi murmushi na ga wushiryar kakarmu sak a bakinsa. Hausar Kawu kuwa ta ɗauki nauyin harshen Barebari, amma akwai kalmomi a bakinsa irin na mutanen da, waɗanda rabona da jin su tun kakarmu na da rai.

A hankali muka ji yadda aka yi. Kurkunu ne ya kama shi a ƙafa suna isowa Yerwa, ya kasa taka ƙasa. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, suka bar shi a wani masallaci. Wani Babarbare mai sayar da itace ya ɗauke shi ya kai gidansa, ya yi jinyarsa wata da watanni, ba su jin yaren juna. Da ya warke ya ce bari ya taya mutumin aiki kafin wani ayari ya zo. Ayari ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Daga baya mai itacen ya ba shi 'yarsa. Ita ce Ya Falmata.

Mun yi kwanaki, ni kuma na ɗan zaga gari. Abincinsu burabusko, da miyar kuka wadda aka dafa da busasshen kifin tafkin Chadi, in ka ci sai ka nemi wurin kwanciya. Kifi da nono da man shanu araha, matan Shuwa ke kawowa a manyan ƙore. Goro da yadi kuwa sun yi tsada, na gane dalilin da dattijon nan na mota yake lallaɓa huhunsa. Gaisuwarsu doguwa ce, ana yi ana tafa hannu a hankali. Kalma biyu na koya, wushe da kalewa, wato sannu da lafiya lau, da su na yi ta fama ko me aka ce mini. A Kasuwar Litinin na ga wani mutum da babbar riga mai aikin wuya irin wanda ban taɓa gani ba. Na bi shi ina leƙen ɗinkin har ya dafe aljihunsa ya juyo yana harara. Sai da na kwatanta masa allura da zare da hannu sannan ya yi dariya ya tsaya na ƙare kallo.

A gida kuwa na lura Inna ba ta sake da Ya Falmata ba. Tana amsa gaisuwa, tana cin abin da aka kawo, amma fuska a ɗaure. Na san abin da ke ranta: wannan ce matar da ta riƙe mata ɗan'uwa. Ya Falmata ba ta jin Hausa sai kaɗan, ba ta kuma da yawan magana ko da yarenta. Aikinta kawai take. Kullum da safe ta dama kunu, ta yi ta juya shi daga ƙwarya zuwa ƙwarya har ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji, sannan ta tallafo kan Kawu ta ba shi da ludayi. Daga tarinsa take gane ko ruwa yake so ko a juya shi. Inna na gefe tana kallo.

Wata safiya Ya Falmata ta gama fifita kunun, ta zo ta durƙusa gaban Inna, ta miƙa mata ƙwaryar da ludayin. Ta nuna Kawu da haɓa, ta koma madafa. Inna ta bi ta da kallo. Ta ba shi kunun, rabi na zuba a gemu, yana cewa, "Auta, har yanzu gaggawa gare ki." Da yamma na dawo daga masallaci na tarar da tsofaffin nan biyu a tabarma ɗaya suna tsince shinkafa, wannan na yi da Hausa, waccan na amsawa da Barbarci, kuma hirar na tafiya.

Ran da Kawu ya ɗan ji ƙarfi ya ce in raka shi bakin titi. Ya dafa kafaɗata, muna taku kamar masu koyon tafiya. Ni da na saba sauri, sai da na koyi jiran ƙafarsa. Da muka kai layin darbejiyar nan ya saki kafaɗata ya dafa ta farko, ya shafa ɓawonta. Ya ce lokacin da aka kawo irin itacen nan garin yana cikin leburorin da aka ɗauka dashe. Kowace ba ta fi tsawon kamu ɗaya ba. Da garwa biyu a kafaɗa yake ɗebo ruwa safe da yamma, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ya ce, "Wannan sau uku akuya na cinye ta, sau uku tana tohowa. Waccan ta kusa da ita ni na karya ta da garwa, na ɗaure da tsumma, duba ko ka ga inda ta karkace." Na duba, ga karkacewar kuwa.

A ƙarƙashinsu akwai wanzami yana aski, da mai gyaran keke, da mata masu sayar da gyaɗa, da wasu dattawa suna hira. Duk wanda muka wuce sai ya miƙe ko ya rusuna, Baba Afuno, Baba Afuno. Muka zauna a kan wata saiwa ya huta. Na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, Makka fa?"

Ya yi murmushi. "Kowace shekara ina cewa baɗi. Ana haihuwa, ana rashin lafiya, ana dashe. Ran nan na farka na ga ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi. Na yi kukan abin, ba zan ɓoye maka ba. Amma niyyata Allah ya gani. Shi ya tsayar da ni a nan, ya kuma ba ni abin yi." Ya ɗaga kai yana sauraron iska a cikin ganye. "Yanzu an ce jirgin sama ke kai mutane daga Kano. In ka samu hali ka kai uwarka."

Da la'asar ɗin ranar Inna ta faɗi abin da ya kawo ta. Ina zaune a gefe. Ta ce, "Yaya, ka shirya mu tafi gida. Ɗakinka na nan. Ka ƙarasa kwanakinka cikin danginka, a sa ka kusa da Innarmu da Babanmu."

Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Auta, wa zan sani a can in ba ke ba? Durumin ma kin ce ya faɗi. Matar nan ubanta ya tsince ni ina wari, ita ta wanke mini ƙafa tun ba a ɗaura mana aure ba. 'Ya'yana biyu suna kwance a maƙabartar garin nan. In na bi ki, wa na bar wa ita?" Ya numfasa. "Zaman ban yi nadamarsa ba. Shirun da na yi ne ke cina. Na fita ana yi mini addu'ar mai zuwa Makka, na ji kunyar a ce ga ni a Barno ina faskare. Na ce sai na je na dawo in aika. Shekaru suka taru. Ki gaya mini gaskiya, Innarmu ta tafi da fushina?"

Inna ta ce, "Ko sau ɗaya. Kullum aka yi tuwo sai ta ce a rage na Yaya ko zai iso cikin dare. Da za ta cika ta ce in ka dawo a gaya maka ta yafe tun kafin ka fita ƙofar gari."

Ya rufe fuska da hannun riga. Ya Falmata ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta taso daga bakin murhu ta zauna a bayansa ta dafa shi. Inna ta dube su, ta daɗe tana dubansu. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Kashegari ta ce da ni, "A fara nemo mana mota." Na ce, "Ta mutum nawa?" Ta ce, "Biyu."

Kafin motar ta samu na sayi farin yadi, na roƙi wani tela a kasuwa ya ara mini kekensa na haɗa wa Kawu riga. Da na zo gwada kafaɗarsa sai da na rage awon da na yanka, don babu komai a wurin sai ƙashi. Aikin wuyan kuwa da hannu na yi shi, a zaune kusa da tabarmarsa, yana ba ni labarin Kano ta zamaninsa, ina ba shi ta yanzu. Rabona da in zauna in yi ɗinkin hannu ba tare da ina duban rana ba tun ina koyo. Ranar Juma'a ya sa ta, jikoki suka kewaye shi suna taɓawa, yana ta shafa wuyan da yatsa yana bin zaren.

Da safen da za mu taso Inna ta nemi man shanu, ta zauna ta shafe masa ƙafafu, har tabon kurkunun, a hankali. Ya Falmata ta kawo lafaya sabuwa da ƙullin turaren wuta, ta naɗa wa Inna da hannunta, ta ja da baya ta duba, ta gyara gefen kai. Inna ta kama hannunta biyu ta ce, "Wushe." Sannan ta ƙara da Hausa, "Na bar miki amana, ko da yake ke kika riƙe ta tun ban zo ba." Kawu ya ce a kai shi ƙofar gida. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a mai tsawo. Ga Inna kuwa abin da ya ce kaɗan ne: "Auta, wannan karon ke za ki tafi ni in tsaya. Allah ya sada mu, in ba a nan ba, a inda ya fi nan." Ta ce amin. Duk mun san ba za a sake ganawa ba, babu dai wanda ya faɗa.

Motar dawowa busasshen kifi ta ɗauko, a kan buhunansa muka zauna. Hanya ta yi mana kyau, ba a yi ruwa ba sai yayyafi wajen Birnin Kudu. Inna ta yi barci mai yawa, wani lokaci kanta ya sauko kafaɗata, ni kuwa na ƙame kamar gunki don kada ta farka ta ji kunya. Mun shigo Kano da yamma, turaren Ya Falmata da kifin Chadi suna kokawa a jikinmu. Kifin ne ya yi nasara, don kyanwar gidanmu ita ta fara yi mana maraba, ta kuma ƙi rabuwa da ni har na yi wanka.

Kun tambaye ni abin da na samo a Barno. Ban samo haja ba, kuma masu ɗinki sun yi mini faɗa yadda ya kamata. Amma na tafi ina ɗaukar Kawu mutumin da tafiyarsa ta lalace, na tarar da mutumin da gari guda ke hutawa a inuwar aikinsa. Na ga mace ta yi wa kishin zuciyar wata magani da ƙwaryar kunu, ba tare da kalma ɗaya ba. Na kuma gane cewa tsohuwar da nake gaisarwa daga bakin ƙofa kullum safiya ta taɓa zama yarinya mai gudu a kan titi tana kuka, kuma yarinyar tana nan a cikinta ba ta je ko'ina ba. Shekaruna duka muna gida ɗaya ban san haka ba, sai da aka gitta mana ƙarfe a hanya aka tilasta mini zama. Yanzu in na ga tsoho na tafiya a hankali a gabana cikin lungu, ba na ƙosawa in wuce shi.

Washegarin dawowarmu matan unguwa suka cika ɗakin Inna da barka da zuwa. Ina tsakar gida ina alwala na ji wata tsohuwa, ƙawar kakarmu, tana tambaya da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, "To ina shi? Ba kin ce za ki taho da shi gida ba?"

Sai na ji muryar Inna, a natse, ba rawa a cikinta.

"A gida na same shi, Iya. A gida na bar shi."